Ranar da na kai gawar babanku ƙofar makaranta

Bitrus, Hannatu, na san abin da aka gaya muku a ƙauye, domin ni ma an sha faɗa mini shi ido da ido. An ce uwarku ta hana ƙanwarku Rahila zuwa binne ubanta saboda jarrabawa, an kuma ce ta ɗauki gawar mijinta tana yawo da ita a titi kamar kayan talla. Kai Bitrus kana daji da kakin soja a lokacin, ba su ba ka izinin zuwa ba. Ke Hannatu kina kwance a Legas, an yi miki aiki an ciro jariri, ko miƙewa ba kya iya yi. Ba ku gani da idonku ba, kuma da kuka zo daga baya ba ku tambaye ni ba, kuna gudun tayar mini da ciwo. To tun hannuna yana iya riƙe biro, bari in rubuta muku yadda aka yi. Kada ku ɗauka haƙuri zan ba wani a nan. Da za a mayar da ni wannan Asabar ɗin, abin da na yi shi zan sake yi.

Shekarar korona ce, damina ta yi tsakiya. An kulle makarantu wata da watanni, Rahila tana gida a Narayi tana taya ni auna gari da acca a bakin ƙofa, tunda kasuwa ma sai ranar da aka ga damar buɗe ta. Wanda ya ji daɗin kullen nan a duk unguwar babanku ne. Tun da masaƙar Kakuri ta rufe ya koma gyaran keken ɗinki, bai taɓa samun autarsa a gabansa daga safe har yamma ba sai a lokacin. Yakan ture kan keke gefe, ya share benci, su zauna suna lissafi. Mutumin da bai gama sakandare ba, amma ya kafe sai ya gane abin da ake koya mata, har su yi gardama ta ce Baba ba haka malam ya yi ba, ya ce to malam ya sake dubawa. Ni dai ina jin su ina dariya, domin ban san wa ke koya wa wani ba.

Sai gwamnati ta ce 'yan ajin ƙarshe kaɗai su koma su rubuta jarrabawar fita. Makarantar su Rahila ta kwana ce, kun san ta, gaba da Unguwar Boro a kan hanyar Kachia. Ranar komawa muka tarar da get a rufe, an ajiye bokitin wanke hannu, mai gadi riƙe da abin nan mai kama da bindiga yana auna goshin kowace yarinya. Madam Firinsifal ta tsaya daga ciki da takunkumi har ƙarƙashin ido ta karanta mana doka. Babu ziyara, babu abincin gida, babu waya a hannun ɗaliba. Duk yarinyar da ta taka waje, ko da wane dalili, in ta dawo za a killace ta sati biyu a ɗakin marasa lafiya, kuma ba za ta shiga ɗakin jarrabawa ba.

Wuri ya kaure. Iyaye maza, musamman ma'aikatan gwamnati masu rataye katin aiki a wuya, suna gyaɗa kai suna cewa haka ya kamata. Mu mata kuwa kowacce da ƙullinta a hannu, ƙuli-ƙuli, yaji, soyayyen nama, an ce mu koma da su. Maman Doo, ƙawata 'yar Binuwai da muke zumunta ɗaya a coci, ita ma 'yarta tana ajin, ta ɗaga robar man ja sama.

"Madam, abeg, man ja ma yana ɗauke da korona ne? Yaran nan makaranta muka kawo su ko gidan yari?"

Aka yi dariya, amma ba a karɓi man jan ba. Da Rahila ta ɗauki akwatinta, sai babanku ya matso kusa da ita. Ya dafa kanta ya ce mata, "Auta, ko me kika ji, kada ki fito sai kin rubuta takarda ta ƙarshe. Shekara shida muke jiran wannan." Ta ce to Baba, ta shige.

Ba a yi sati ba iyaye mata suka gano wata hanya. Ruwa ya rushe katangar baya ta wajen gonar masara, makaranta ta ja waya a wurin kafin a gyara. Nan mata suke bi da yamma, su ratsa masara da leda a ƙarƙashin zane, su miƙa wa yara ta ƙasan waya. A guruf ɗin iyaye na waya kullum faɗa ake, wasu na cewa masu bin gona za su kashe mana yara, wasu na cewa yunwa ce za ta fara kashe su. Ni na so in bi Maman Doo, babanku ya hana. Ya ce doka doka ce, Maman Bitrus, kada ki ja wa yarinya matsala. Na ce masa shi da doka kamar a ciki ɗaya suka kwanta, na dai haƙura na zauna.

Ana saura kwanaki kaɗan a fara jarrabawa, da safe babanku yana kwance wani keken ɗinki, na ji ƙarar faɗuwar ƙarfe. Na fito na same shi a ƙasa, baki ya karkace. Hawan jinin nan ne da yake wasa da maganinsa. Washegari ya cika a asibiti, hannunsa a cikin nawa. Likita ya gaya mini sarai jijiya ce ta fashe a kai, amma kafin mu iso gida labari ya riga mu, wai korona ta kashe mai gyaran keke na Narayi. Har a guruf ɗin iyaye wani ya rubuta cewa kada a bar kowa daga gidanmu ya kusanci makaranta. Ban amsa masa ba, ina da abin da ya fi shi a gabana. 'Yan mutuware sun ce wuri ya cika, mu ɗauki namu a cikin satin.

Baba Yohanna, wan babanku, ya iso daga ƙauye ya zauna a kujerar ƙanensa ya yanka rana, Asabar. Kun san al'adar gidanku, in an saukar da akwati, ɗan da mamaci ya haifa shi ne zai fara zuba ƙasa kafin kowa ya taɓa shebur. Ya lissafa da yatsa, Bitrus ba hali, Hannatu ba hali.

"Saura Rahila. Gobe ki je ki ɗauko ta, matarmu."

Na ce, "Baba, in ta fito ba za ta rubuta jarrabawa ba. Litinin za su fara, da lissafi ma."

"Jarrabawa tana dawowa baɗi. Ƙanena Istifanus zai dawo baɗi? Mutum mai 'ya'ya uku a binne shi kamar wanda bai taɓa haihuwa ba? Ba a gidanmu ba."

Maganarsa ta shige ni, ba zan ɓoye muku ba, domin akwai gaskiya a cikinta. Washegari na tafi makaranta ni da Maman Doo in roƙi alfarma. Ba su bar mu mun shiga ba, Madam ta fito aka ajiye mata kujera daga cikin get, mu muna tsaye a waje. Ta yi mini gaisuwa da kyau, ba zan yi mata ƙarya ba, har idonta ya kawo ruwa. Na ce a ba ni yarinyar kwana ɗaya, in dawo da ita Lahadi. Ta ce in ta buɗe wa ɗaya, ta buɗe wa kowa, kuma iyaye sun riga sun tayar mata da hankali a kan gidanmu. Na ce to a kira mini ita in gaya mata da bakina, daga nan inda nake tsaye.

"Mama, shawarata ita ce kada a gaya mata sam. Ki bari ta gama. In ta ji yanzu, hankalinta zai rabu biyu. It is for her own good."

Na dube ta na ce, "Wato ta yi wata guda tana rubuta jarrabawa tana cewa bari in gama in je in ba Baba labari, alhali ciyawa ta fito a kabarinsa? Madam, ke za ki yafe wa wanda ya yi miki haka?"

Ta ce doka ba ta ba ta dama ba. Na ce na gode, na juya. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Ga mai cewa in fito da ita ta rasa shekarar da ubanta ya zauna a benci yana gina mata, ga mai cewa in bar ta a cikin duhu. Kowa ya yanke wa 'yata hukunci, kuma babu wanda ya ɗauki cikinta wata tara a cikinsu. Muna isa bakin titi na ce wa Maman Doo ta nuna mini hanyar gonar nan.

Masara ta fi mu tsayi, ƙasa ta jiƙe, takalmina ɗaya ma a can ya maƙale na bar shi. Maman Doo ta kira 'yarta ta aike ta, can sai ga Rahila da gudu, tana murna, tana duba hannuna ko na kawo mata yaji. Da ta ga zanen da na ɗaura da baƙin ɗankwali, sai ta tsaya cak. Ban yi mata kwana-kwana ba. Na ce Auta, Baba ya tafi gida, shekaranjiya, ina riƙe da hannunsa, bai sha wahala ba. Ta kama wayar nan da hannu biyu ta durƙusa, kukan ma ya ƙi fita. Na zura yatsuna ta cikin ramin waya na riƙe nata, dokar da za ta hana ni wannan ba a rubuta ta ba tukuna.

Da ta samu numfashi ta ce, "Mama, in tsallako? Zan iya tsallakowa yanzu."

Na san in na ce ta zaɓa, duk wanda ta zaɓa zai bi ta har tsufanta. Gara nauyin ya hau kaina. Na ce, "Ba za ki tsallako ba. Kin ji abin da ya gaya miki a get, ni ma na ji. Ni ce na hana ki, ki riƙe wannan, duk wanda ya tambaye ki ki ce uwarki ce. Amma gobe da safe ki tsaya kusa da babban get. Zan kawo miki shi."

Ban gaya wa Baba Yohanna komai ba sai cewa za mu tsaya a makaranta, shi kuma ya ɗauka ɗaukar yarinya za mu yi. Direban motar gawa na ja gefe na yi masa bayani, ya ce Mama ai ke ce mai gawa. Dama hanyar ƙauyenku ta nan ta bi, kuma ba sabon abu ba ne a tsaya da mamaci a gidansa ko wurin aikinsa ya yi sallama. Ni dai na ga babu wurin da zuciyar mutumin nan take kamar bayan wannan get ɗin. Muka taso daga mutuware, motar gawa a gaba, bas ɗin matan zumunta a baya, an rage su saboda dokar taro, amma waɗanda suka zo sun zo da ankonsu da tulunsu na kiɗa. Da muka wuce Unguwar Boro direba ya saki titi, ya juya motar, ya kawo bayanta daf da ƙarfen get.

Mai gadi ya rikice, ya ruga ya kira Madam. Kafin ta iso na buɗe bayan motar da hannuna, na sa samari suka jawo akwatin zuwa baki suka ɗaga murfin. An sa masa farar rigarsa ta Kirsimeti. Rahila tana tsaye daga ciki, ita kaɗai, cikin kayan makaranta. Ta matso har goshinta ya taɓa ƙarfe. Tsakaninta da fuskar ubanta bai fi tsawon tabarma ba. Matan zumunta suka ɗauki waƙa a hankali, tulu yana amsawa, sai ga 'yan mata suna fitowa daga azuzuwa suna tsayawa nesa, wasu suna kama waƙar.

Madam ta iso tana haki. "Mama, me ke nan? Kin san zan iya kiran jami'an korona su kama ku duka?"

Na ce, "Kira su. Ni ina kan titin gwamnati, mijina yana cikin mota, 'yata tana cikin makarantarki. Wa ya shiga? Wa ya fita? In kama ni za a yi, a bari in binne shi tukuna, ni da kaina zan kai kaina."

Maman Doo ta ce mata, "Madam, no vex, ki bar yarinya ta ga babanta." Daga can kuma sai ga Baba Yohanna ya fito daga motarsa yana gyara hula, yana cewa Rahila ta yi sauri rana tana yi. Na ce masa ba da ita za mu tafi ba, ta zo sallama ne. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ya ce na yaudare shi, na ce e. Ya ce na mayar da gawar ƙanensa abin kallo, na ce 'yarsa ce take kallonsa. Ya ɗaga murya har matan zumunta suka yi shiru.

"To wa zai zuba masa ƙasa? Ki gaya mini, Saratu, wa zai zuba?"

Rahila ce ta amsa, kuma ba da baki ba. Ta juya ta durƙusa a gindin furannin da ke gefen get, ta sa yatsu ta haƙo jar ƙasa mai danshi, hannu biyu cike. Ta cire ɗankwalin makaranta daga kanta ta zuba a ciki, ta ƙulle, ta turo shi ta ƙarƙashin get. Mai gadi ya dubi Madam, ni ma na dube ta. Na ce mata dokarta ta hana abu shiga, ban ji inda ta hana ƙasa fita ba. Na sunkuya na ɗauka. Rahila ta ce, "Baba, sauka lafiya," muryarta ba ta ko yi rawa ba, sai da aka mayar da murfin ne ta zube, ƙawayenta suka zo suka ɗauke ta.

A ƙauye Baba Yohanna ya riga ya shirya ɗansa na fari ya tsaya a madadin 'ya'ya. Ya aiko a gaya mini ƙasar makaranta ba ƙasar gidansu ba ce, kada in kuskura in fito da ita. Ni kuma an zaunar da ni a cikin mata, an riƙe ni hagu da dama yadda ake yi wa gwauruwa. Da aka saukar da akwati fasto ya ce 'ya'yan mamaci su matso, na ga yaron ya sunkuya zai ɗebi ƙasa. Na fizge hannuna daga masu riƙe ni. Ban san inda na samu ƙarfin ba, ni da ban ci abinci ba tun ranar da abin ya faru. Na ratsa maza na isa bakin ramin, na kwance ɗankwalin, na ɗaga murya yadda na bayan dangi ma zai ji.

"Wannan daga hannun Rahila Istifanus ne, autarsa. Ita ta haƙo da yatsunta."

Na zazzage ta duka. Na ji saukarta a kan katako, kowa ma ya ji, domin wurin ya yi tsit. Fasto ya ɗan jira, da ya ga babu mai magana sai ya ci gaba da addu'a. Baba Yohanna ya juya mini baya a wurin, kuma har yau da nake rubutun nan bai sake cin abinci a gidana ba. In ya zo Kaduna a Gonin Gora yake sauka wurin 'yarsa, sai dai in ji labari. Yana yi mini ciwo, domin mutum ne da ya riƙe mu da kyau shekara da shekaru, amma ban je ba shi haƙuri ba kuma ba zan je ba.

Abin da ya fi wannan ciwo sai da na dawo na ji shi. Iyayen guruf sun yi ca a kan Madam, wai an kawo gawar korona ƙofar makaranta, wasu har da barazanar kwashe 'ya'yansu. Don ta kwantar musu da hankali sai ta killace Rahila, yarinyar da ko taku ɗaya ba ta yi a waje ba. Sati biyu tana ɗakin marasa lafiya ita kaɗai da makokinta, ana ajiye mata abinci a bakin ƙofa. Jarrabawar kuwa a baranda aka sa mata tebur, mai sa ido yana zaune daga nesa. Ashe ana iya yin hakan. Da na je na tambayi Madam me ya sa ba ta gaya mini ana iyawa ba tun ranar da na roƙe ta, sai ta ce lokacin ba a yi tunaninsa ba. Na gaya mata maganganun da ba zan rubuta su a nan ba saboda jikokina za su karanta. Iyayen da suka yi wannan hayaniya kuwa, da yawansu na san ledarsu ta sha bin gonar masara.

Wannan sati biyun shi ne abin da na jawo wa 'yata, na sani, kuma na auna shi da abin da sauran suka so a yi mata, har gobe nawa ya fi mini sauƙin ɗauka. Ranar da suka rubuta takarda ta ƙarshe na je tun da hantsi na tsaya a get tare da sauran iyaye, wasu suna kauce mini, ban ko dube su ba. Aka buɗe, yara suka yi ta fitowa da ihu suna rungumar iyayensu. Rahila ta fito a ƙarshe tana jan akwatinta, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Na shirya za ta yi mini kuka, ko ta yi fushi da ni, duk na shirya ɗauka. Ta ajiye akwatin a gabana, ba ta ko gaishe ni ba.

"Mama, sun bari kin zuba?"

Na ce, "Ban tambaye su ba. Taki ce ta fara sauka a kansa, Auta, kafin ta kowa."